Tsakanin Gani da Taka Birki

Wannan shawara taku ce, ƴan kabu-kabu da masu adaidaita da direbobin Maradi, da duk magidancin da ke goya yara a babur ya kai su makaranta. A kowace tasha akwai mai cewa shi idonsa da hannunsa tare suke aiki, yana gani yana kama birki. Ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji a jikinsa. Sai dai ba haka aka halicci ɗan Adam ba. Daga lokacin da akuya ta faɗo kwalta zuwa lokacin da taya ta fara rage gudu akwai wani ɗan tsaiko, kuma a cikinsa abin hawa na tafiya da cikakken gudunsa. Gwaninta na rage wannan tsaiko kaɗan, amma ba ta kawar da shi. Masana sun fi shekara 150 suna auna shi, sun kuma yi masa lissafi, lissafin da bai fi ƙarfin wanda ke ba fasinja canji ba tare da ya duba takarda ba.

Fara da auna kanka. Ari rular makaranta mai santimita 30 a hannun yaro. Ka zauna, ka ɗora damtsenka a kan benci yadda tafin hannu zai leƙo waje, babban yatsa da manuni a buɗe kaɗan. Abokinka ya riƙe rular ta sama, tana reto tsakanin yatsun nan biyu, sifiri daidai da samansu. Kada ya ƙirga, kada ya ɗaga maka gira. Ya sake ta lokacin da ya ga dama, wani karo nan take, wani karo bayan ya ja ka da shiru har ka fara ƙosawa. Kai kuma ka cafke. Lambar da yatsunka suka tsaya a kai ita ce amsa, domin duk abin da aka saki yana faɗuwa ne da gudu sananne. Santimita 5 na nufin sakan 0.10, santimita 11 sakan 0.15, santimita 20 sakan 0.20, in kuwa sai a bakin 30 ka kama, rubu'in sakan ke nan. Mai son lissafin daidai ya raba santimitar da 490, ya danna alamar √ a kalkuletar salularsa.

Kada ka yi sau ɗaya ka miƙe. Yi sau 20, a rubuta duka, har da waɗanda rular ta suɓuce ta daki ƙasa. Za ka ga yawancin lambobin sun taru kusa da juna, ƴan kaɗan sun fi sauran sauri da ƙiris, amma ta ɓangaren jinkiri akwai waɗanda suka yi nisa sosai, har da ɗaya ko biyu da hannu bai motsa ba sai da rular ta wuce. Sauri yana da bangon da ba a tsallakewa. A tseren mita 100, duk ɗan wasan da ya motsa kafin sakan 0.10 ya cika bayan ƙarar bindiga, dokar wasannin guje-guje ta duniya na ɗaukar cewa ya riga malam masallaci, don an ƙaddara jiki ba ya amsa sauti da saurin da ya wuce haka. Jinkiri kuwa ba shi da bango. Idan masu lissafi suka zana irin waɗannan lambobi, tudu ne ke fitowa, gefensa na sauri a tsaye, gefen jinkiri da doguwar jela. Jelar nan nake so ka riƙe a ranka. Mutum na tuna ranakun da ya kama birki cikin ƙiftawar ido ya sha da ƙyar, da su yake auna kansa, alhali hatsari a jela yake faruwa. Wanda ke kan babur daga safe zuwa dare yana taɓa birki sau ɗaruruwa, ko da sau ɗaya ne cikin 100 hannunsa ke makara, to babu ranar da ba shi da rabonsa na makara.

Ina lokacin ke tafiya? A da masana da yawa na zaton saƙon da ke bin jijiya ya fi ƙarfin awo. A 1850 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya auna shi a jijiyar ƙafar kwaɗo, ya samu wajen mita 30 ne a sakan. Manyan jijiyoyin mutum sun fi haka gudu, amma dai tafiya ce mai cin lokaci. A 1868 Franciscus Donders, likitan ido a birnin Utrecht na ƙasar Holan, ya zo da dabarar debewa: ka auna mutum yana amsa alama ɗaya da motsi ɗaya, ka sake auna shi yana zaɓa tsakanin alamomi, ka debe na farko daga na biyu, abin da ya saura shi ne lokacin da zaɓin ya ci. Daga nan aka fahimci abin hawa-hawa ne, ido ya ɗauka, ƙwaƙwalwa ta gane, ta yanke shawara, saƙo ya sauka, gaɓa ta motsa. Gwajin rula ya ɗauke maka nauyin ganewa da na shawara, saboda ka san abin da zai faru ka san abin da za ka yi. Titi ba ya yi wa kowa wannan alfarma.

Shi ya sa lambobin hanya suka fi na rula girma nesa ba kusa ba. A shekara ta 2000 wani mai bincike, Marc Green, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi wa direbobi ya tace su. Direban da ya san za a ba shi alama, ya san lokaci ya san wuri, yana cin wajen sakan 0.7 kafin ƙafarsa ta hau birki. Abin da aka saba gani amma ba a jiransa a lokacin, kamar jar wutar motar gaba, wajen sakan 1.25. Abin ba-zata, kamar wani abu ya faɗo hanya daga gefe, wajen sakan 1.5. Injiniyoyin hanya a Amurka sakan 2.5 suke warewa in suna tsara kwana ko tudu, don lissafin ya ɗauki tsoho da gajiyayye. Makarantun koyon tuƙi masu bin tsarin Faransa sakan 1 suke koyarwa. Ni a ganina, a titunan da amalanke da babur da tumaki da yara ke raba kwalta ɗaya, sakan 1.5 ya kamata mutum ya ƙulle a ransa.

Yanzu a mayar da sakan zuwa mita. Dubi agogon gudunka, ka cire sifirin ƙarshe, ka ninka da 3. Gudun kilomita 40 a awa, 4 sau 3, mita 12 ke nan a kowane sakan; gudun 60, mita 18; gudun 90, mita 27. Dabarar ta ɗan ɗara gaskiya kaɗan, ainihin lambobin 11 ne da 17 da 25, kuma gara ta ɗara da ta gaza. (Wanda agogon babur ɗinsa ya mutu ya gyara shi. Ido ya san kima, amma ba mudu ba ne.) Wannan duk tafiyar da ake yi ce kafin birki ya kama. Birkin kansa yana da nasa lissafin, wanda ya fi tsanani: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai ci, mota mai gudun 40 na bukatar wajen mita 9 bayan an taka, mai 60 wajen mita 20, mai 80 wajen mita 36.

Mu haɗa su wuri guda. Ka ce ranar Juma'a ce, kasuwar Maradi na ci, ka fito za ka Tibiri. A gefen hanya amalanken shanu na tsaye da buhunan gero. Yaro ɗan shekara 6 ya zagayo ta bayan amalanken a guje, yana kora tsohuwar taya da kara, idonsa na kan tayar. Tsakaninku mita 26, tsawon ƙananan motoci 6 a jere, wanda a ido nisa ne mai yawa. In gudunka 40 ne, sakan 1.5 zai ci mita 17, birki ya ci 9, ka tsaya dab da shi gabanka na faɗuwa, shi kuma ya wuce abinsa. In 60 ne, sakan 1.5 kaɗai ya cinye mita 25, mita ɗaya ya rage. Za ka taka birki, in an tambaye ka za ka rantse ka taka kuma da gaskiyarka, amma da gudun da bai gaza 55 ba za ka same shi. Direba ɗaya ne, ido ɗaya, ƙafa ɗaya, bambancin kawai kilomita 20 ne da ba a ma jin su a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta kaɗe da gudun 65 ya fi wanda aka kaɗe da gudun 50 haɗarin mutuwa sau 4 da rabi. Ita ce kuma ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa hanya na cin rai miliyan 1.19 a shekara, Afirka ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a, kuma babu abin da ya fi hatsarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mun yi imani da ƙaddara, amma riƙon sababi ma wajibi ne a kanmu, musamman da yake ran wani ne a gabanmu.

Lissafin can na kwalta mai tsabta ne. Kowa ya san gefen kwaltar garin nan, yashi ne da iska da ruwan damina suka kwaso suka zube, lungunan unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho kuwa da yawansu rairayi ne zalla. A kan yashi ko burji taya ba ta kama ƙasa, nisan birki na iya ninkawa biyu. In ka ƙara da goyon mutum biyu ko buhun masara, ya ƙara tsawo. Ɗan kabu-kabun da ya saba da birkin ƙafa kaɗai ya bar mafi yawan ƙarfin tsayawarsa a hannunsa na dama bai taɓa ba, domin in babur na tsayawa gaba nauyi ke komawa, tayar gaba ce ke riƙe ƙasa. A kwalta a haɗa biyun, a matsa na hannu a hankali ana ƙarawa. A yashi fizgar birkin gaba kayarwa take yi, don haka maganin yashi shi ne a shige shi a hankali tun farko.

To me ke sa sakan ɗin nan ya tsawaita ko ya gajarta? Ɗaya daga lissafan da suka fi karɓuwa shi ne wanda Roger Ratcliff ya fitar a 1978, kuma duk wanda ya taɓa ban ruwa a filayen noman rani na Jiratawa zai gane shi nan take. Ka buɗe wa fangali ruwa, ba ka toshewa sai ya kai wani layi da ka sa a ranka. Yaushe zai kai? Ya danganta da ƙarfin ruwan, da tsayin layin, da abin da ke cikin fangalin tun farko. Ruwan kuma ba ya zuwa daidai wa daida, yana ƙaruwa yana raguwa, shi ya sa fangali ɗaya yau ya cika da wuri, gobe ya ja lokaci. Haka ƙwaƙwalwa ke tara shaida daga ido, kaɗan-kaɗan, wani ya taimaka wani ya rikita, sai ta kai iyaka sannan ta ba hannu umarni. Hawa da saukar nan su ne ke haifar da doguwar jelar da ka gani a rula. Abin daɗin shi ne abubuwa ukun, mafari da iyaka da ƙarfin shaida, kowanne akwai abin da mai tuƙi zai iya yi a kansa.

Mafari ya fi kowanne arha kuma ya fi riba. A 1995 Roger Carpenter na Jami'ar Kambirij da abokin aikinsa suka nuna cewa gwargwadon yadda mutum ke tsammanin alama za ta ɓullo ta wani gefe, gwargwadon saurin da idonsa ke juyawa can. Ka sake duba lambobin Green: mai jira 0.7, wanda aka shammata 1.5. Fiye da rabin lokacin tsammani ne ya cece shi. Tsohon direba ba jijiyarsa ce ta fi ta saurayi gudu ba, a gaskiya ma ta fi sanyi, abin da ya fi shi da shi shi ne ba a shammatarsa. Ya ga bas ta tsaya, ya san ƴan talla za su keto titi da tire a ka. Ya ga tunkiya ɗaya ta tsallaka, ya san sauran na biye. Ya ga ƙwallo ta gangaro, ya san akwai ƙafa a bayanta. Ya san lokacin tashin makaranta da lokacin da ake fitowa daga masallacin Juma'a. A duk irin wurin nan ka saki totur tun kafin wani abu ya faru, ka ɗora yatsu biyu a kan birkin hannu, mai mota ya ɗage ƙafa ya rataye ta a saman birki. Ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki kaɗai na cin wajen sakan 0.2, a gudun 60 ya fi mita 3, kuma sau da yawa mita 3 ne tsakanin “Allah ya kiyaye” da “Allah ya jiƙansa”.

Wani zai ce to bari ya sauke iyakar, ya riƙa motsi da zarar ya ga inuwa. Nan ne sauri ke haifar da nawa. Lissafin ya nuna ƙarara cewa in an sauke iyaka amsa na zuwa da wuri amma kuskure na yawaita, wato fizge kai zuwa hannun da mota ke tahowa don kauce wa leda. Ratcliff da abokan aikinsa sun gano cewa a gwaje-gwaje da dama jinkirin tsofaffi ba daga raunin fahimta yake ba, sun ɗaga iyaka ne don gudun kuskure, ga kuma gaɓoɓi sun yi nauyi. Dattijon da ya san haka ya ƙara tazara, babu abin kunya a ciki.

Abin da ya dace a rage shi ne yawan zaɓi. William Hick a Ingila a 1952, da Ray Hyman a Amurka a 1953, sun nuna cewa duk lokacin da adadin zaɓi ya ninka biyu, ana ƙara wani yanki na lokaci kusan iri ɗaya. Mutumin da yaro ya faɗo masa sannan ya fara auna ko hon zai danna, ko dama zai kauce, ko hagu, ko birki, yana biyan kuɗin kowane zaɓi da mitoci. Ka yanke shawarar tun yanzu kana zaune: birki ne farko, kullum. Kaucewa na biyo baya in akwai fili, kuma ta fi sauƙi bayan gudu ya ragu. Hon ba ya tsayar da abin hawa, mayar da aikin yake kan yaron, shi kuma yaro ya fi babba jinkirin amsawa, in ma ya amsa wataƙila daskarewa zai yi a tsakiyar titi. Kuma a koya wa hannu da maimaici, domin maimaici na rage kuɗin zaɓi. Samu hanya shiru da sassafe, ka ja layi da toka, ka taho da gudun 30, tayar gaba na taɓa layin ka tsaya iya ƙarfinka, ka sauka ka ƙirga taku nawa ka wuce. Sake yi da 40. Sake yi da wani a goye. Abin da ƙafarka ta ƙirga zai zauna maka fiye da duk abin da na rubuta.

Saura ƙarfin shaida, kuma a nan ne dare ke shigowa. Wajen 1914 wani Bafaranshe, Henri Piéron, ya tsara dokar da har yau ake kira da sunansa: gwargwadon raunin haske ko sauti, gwargwadon jinkirin amsa. Dokar ba miƙaƙƙiya ba ce. Da rana tsaka ƙarin haske ba ya ƙara komai, amma a inda abu ke dishi-dishi ɗan ƙarin haske na rage lokaci da yawa, ɗan raguwarsa kuma na tsawaita shi da yawa. Almuru ke nan, lokacin da rana ta faɗi fitila kuma ba ta fara tasiri ba, kowa na sauri ya riski magariba. Hazon hunturu ke nan. Mai nufar Gidan Rumji da la'asar sakaliya ke nan, rana a cikin idonsa, gilashin gaba ya sha ƙura. Goge gilashi da fitila da tsumma mai laima aikin minti ɗaya ne. Dokar hanya ta Faransa ta ce fitilar kusa ta haska aƙalla mita 30, ta nesa mita 100. Yi lissafin da kanka: da sakan 1.5 da birki a kwalta mai kyau, gudun 45 ne ke tsayawa cikin mita 30. Gudun 60 na bukatar mita 45. Wanda ke gudun 60 da fitilar kusa, duk abin da ya gani a gabansa ya riga ya makara a kansa. In mai tahowa ya dalle maka ido, kada ka rama, kalli gefen hanya na dama ka rage gudu har idonka ya dawo.

Wannan magana ta shafi masu amalanke kai tsaye, ku da kuke tasowa da duhun asuba daga Jiratawa da zogale da kayan miya, ko kuke komawa ƙauye bayan isha'i. Baƙin katako da baƙin sa a kan baƙar kwalta, ido ba ya samun abin kamawa sai an zo dab. Ɗan ƙyallen nan mai walƙiya in haske ya dake shi, ja a baya, ko tsohon faifan CD da aka kafa da ƙusa, na sa direba ya hango ku tun daga nesa. Mai tafiya a ƙasa da dare ya sa farar riga, ya bi gefen da yake fuskantar motoci. Mai babur kuma kada ya raina wutar baya, ƙwan ba shi da tsada.

Barci na taɓa dukan lissafin, kuma jela yake fara ja. Gajiyayye na iya kama rula da kyau sau 8 a jere, a na 9 hankalinsa ya ɗauke ɗif. A shekara ta 2000 Ann Williamson da Anne-Marie Feyer suka gwada mutanen da galibinsu ma'aikatan sufuri ne, suka samu cewa bayan awa 17 zuwa 19 ido biyu, aikinsu a wasu gwaje-gwajen ya yi daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, wato iyakar da doka ta sa wa direba a Faransa. Ƙirga daga sallar asuba: wanda ya tashi ƙarfe 5, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Bawan Allah da bai taɓa kai giya bakinsa ba, ga shi a hanyar Ɗan Isa ko ta Tasawa yana tuƙi irin na wanda ya sha. Gyangyaɗin sakan 3 a gudun 90 tafiyar mita 75 ce ido rufe. A watan azumi abin ya fi tsanani, ga sahur ga tarawihi ga tahajjud, ga kuma gaggawar riskar buɗa-baki. Goro da shayi na ɗan farkar da mutum, amma ba sa biyan bashin barci. Hamma ta fara yawa, ko ka wuce wani gari ba ka tuna wucewarsa ba, ka sauka gefe ka kwanta minti 20.

Tramol ba sai an yi kwana-kwana ba. Maganin ciwo ne dangin opiyom, yana kawo jiri da gyangyaɗi, in an zarce har jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da yake kashewa jin gajiya ne, gajiyar tana nan, sai mutum ya ji shi garau alhali hannunsa ya yi nauyi. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi ma na sa barci, a tambayi mai kemis kafin a sha a hau hanya. Salula kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da ita yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin karo wajen sau 4, kuma sa ta a kunne ba tare da riƙewa ba bai rage da yawa ba, saboda hankali take ci ba hannu kaɗai ba. Soke ta cikin hula ko maƙale ta da kafaɗa bai canza komai ba. Duban allo na sakan 2 a gudun 50 mita 28 ne. Fasinjan da ke kira zai jira ka tsaya.

Duk wannan ana biyansa da abu ɗaya, tazara. In kana bin mota, lura da lokacin da ta wuce wata bishiya ko sandar lantarki, ka ƙirga a natse “dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu”. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse ta da yawa. Sakan 2 mafi ƙaranci ne, a busasshiyar kwalta da rana. A burji, ko da dare, ko cikin ruwa, ko bayan babbar mota da ta tare maka gani, kamar waɗanda ke bin hanyar RN1 daga Yamai zuwa Damagaram, ka mayar da shi 3 ko 4. Wani zai kutso ya shige gibin da ka bari. Bar shi, ka sake buɗe wani.

Na san abin da ke tura ɗan kabu-kabu, akwai kuɗin mai babur da za a kai da yamma, ga mai, ga cefane. Amma a duba ribar gudun da idon basira. Tafiyar kilomita 3 cikin gari minti 3 ce a gudun 60, minti 4 da rabi a gudun 40, kuma da wuya a samu minti ɗaya da rabin nan cikakke saboda mahaɗa da cunkoso. Tafiyar kilomita 10 minti 10 ce a gudun 60, minti 12 a gudun 50. Ku ma fasinjoji da naku laifin. Hajiya, Alhaji, “yi sauri na makara” da kuke faɗa wa yaron nan umarni ne a kunnensa, kuma ku ne a bayansa ba hular kwano. In ya zarce, ku dafa kafaɗarsa ku ce ya rage.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da na tashoshin mota su ajiye rula ɗaya da littafi a rumfarsu, a gwada kowa da safe a sake gwada shi bayan isha'i, ya ga lambobinsa biyu da idonsa. Malaman lissafi da kimiyya na sakandare su yi gwajin a aji, su fitar da yara fili su auna mita 26 da igiya. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kuma ga aikin bincike a ƙofar gida: a auna matuƙanmu a kan hanyoyinmu, cikin hazo da cikin azumi, a kai wa hukumar kiyaye haɗurra sakamakon. Kai kuma mai amalanke, kafa faifan CD ɗin nan kafin kasuwar Litinin. Allah ya kiyaye hanya.